Kwana Biyar a Miga: Abin da Na Tarar a Rumfar Mai Gurmi

Kafin in ɗauke ki mu kama hanyar Miga, bari in fara tona wa kaina asiri, domin in ban faɗa miki wannan ba, ba za ki gane abin da ya sa tafiyar kwana biyar kacal ta tsaya mini a rai har yau ba.

Shekara biyu da suka wuce, wata ranar Asabar ina tsakar gida ina tankaɗe, sai na riƙa jin wani ɗan sauti siriri yana fitowa daga bayan tankin ruwa. Da na leƙa sai ga Auta, lokacin yana ɗan shekara tara. Ya samu gwangwanin kifi ya rufe bakinsa da guntun fatar ragon layya, ya soka masa sanda, ya ɗaura wayar birkin keke, yana ta kaɗawa da tsinke. Ban tsaya tambayarsa yadda aka yi ya haɗa ba. Na fizge, na jefar a ƙasa na bi da ƙafa, na ce masa a zuriyarmu babu maroƙi, kuma ba daga kansa za a fara ba. Yaron nan bai yi kuka ba. Ya dubi gwangwanin, ya dube ni, ya shige ɗaki. Tun daga ranar ban sake ganin ya ƙera komai ba, har motar kara da ta gwangwanin madara da ya saba cika mana tsakar gida da su. Abin da ya maye gurbinsu kuwa ba sai na faɗa miki ba, don na san yana gidanki: wayar hannu, daga ta yayansa sai tawa.

To, a hunturun da ya wuce aka yi wa ƙanwar maigida haihuwa a Miga, ya ce in je in wakilce shi, in tafi da Auta tunda ana hutu.

Daga Kano hanyar Wudil muka bi. Idan Allah ya kai ki gadar Wudil, ki daure ki ajiye hira ki leƙa ta taga. Ruwan nan da za ki gani, da masu kwalekwale da masu ɗiban yashi a bakinsa, shi ne dai zai tarye ki a can gaba. Kogin Kano da Kogin Challawa ne suka haɗu suka zama ɗaya, ya wuce Wudil, ya ratsa ƙasar Ringim, ya gangara ta Miga da Auyo zuwa Haɗeja. Daga nan ya bazu cikin fadamun Haɗeja da Nguru, abin da ya rage ya haɗu da ruwan Jama'are su nufi Tafkin Chadi. Mu dai muka bar shi a Wudil muka bi ta Gaya zuwa Jahun, sannan muka saki babban titi muka karkata.

Miga ba babban gari ba ne, kuma ba ya yi miki kwalliya don ki yaba. Da can duk yankin yana cikin Jihar Kano, sai a 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, shi kuma ya samu ƙaramar hukumarsa a 1996. Mutane da yawa suna ɗauka ƙasar Haɗeja ce saboda kogin, alhali a masarautar Dutse yake, tare da Jahun da Kiyawa. A ƙidayar 2006 an samu mutum sama da 128,000 a ƙaramar hukumar, kuma kusan kowa a cikinsu da ruwan nan yake ci: manomin shinkafa, masunci, mai lambun rani, makiyayi, har da matar da ke turara shinkafa a cikin gida tana aikawa kasuwa. Ƙasar iri biyu ce, kuma za ki gane da ƙafarki. Akwai jigawa, wato tudun yashi inda ake gero da wake da riɗi, wadda daga gare ta jihar ta samo suna. Ki ɗan gangara kaɗan sai ki ji ƙasa ta yi nauyi ta yi baƙi, kin shiga fadama ke nan.

A gidan goggon maigida muka sauka. Abin da idona ya fara kamawa shi ne wani layi a jikin katangar zaure, ya kai mini ƙugu, ƙasansa sabon yaɓe, samansa tsoho. Na tambaya. Goggo ta ce nan ruwan 2022 ya tsaya, na 2020 kuwa bai kai nan ba, amma shi ya cinye musu shinkafa tana gab da yanka. Ta ce, "'Yar nan, da ruwa baƙo ne. Ya zo da damina ya gaishe mu, ya bar mana taki da kifi, ya koma. Yanzu ya zama ɗan gida, kuma ɗan gida marar ta-ido."

Maganar Goggo tana da tushe. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, kogin ya canza hali. Da yakan cika ya batse da damina, da rani kuma ya janye har gindinsa ya bushe. Yanzu ana sako ruwa kusan duk shekara saboda noman rani da ruwan shan birni, kuma wannan danshi da ba ya yankewa shi ya ba ciyawar kacala damar kafuwa. Kacala ta cushe hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta, idan aka yi ruwan sama mai yawa sai kogin ya rasa ta inda zai bi, ya haura gonaki da gidaje. A cikin kacalar nan kuma tsuntsayen jan-baki suke kwana suna hayayyafa, su fito da asuba kamar hadari su sauka a kan shinkafa. Shi ya sa yaron Miga yake tashi da sanin gadin gona: a ja igiya a rataya gwangwanaye, a zauna a kan rumfa tun fitowar rana ana girgizawa ana ihu. Ki riƙe wannan a ranki, domin za mu dawo kansa.

Kwana biyun farko hidimar suna ta ɗauke mini hankali. Abin da na lura kawai shi ne Auta bai tambaye ni waya ba, tunda ko ya tambaya sabis ɗin sai an hau tudu. A rana ta uku bayan la'asar na neme shi na rasa. Aka ce ai yana bayan gari tare da yaran gidan, wajen Baba mai gurmi. Da na ji kalmar gurmi gabana ya faɗi. Na yafa mayafi, Goggo ta ce bari ta raka ni, don ta ga fuskata.

Tun kafin mu isa muka ci karo da ƙananan yaran a gindin wata tsamiya, kowa da guntun karan dawa a hannu. Ban taɓa ganin irin wannan wasa a birni ba. Sukan zaɓi gaɓa ɗaya mai kauri, su sa reza su ɗago siririn ɓawon karan ba tare da sun tsinke shi daga kan gaɓoɓin biyu ba, sai su cusa ɗan tsinke a ƙarƙashinsa ta kowane gefe. Shi ke nan ɓawon ya zama tsirkiya, karan ya zama jikin abin kiɗa. Wanda ya fi wayo yakan ɗago biyu ko uku, ya matsa tsinken gaba ko baya har kowace ta yi muryarta daban. Molon kara suke ce masa. Ba ya kwana biyu yake lalacewa, ba wanda ya damu, kara ne ya cika gari bayan girbi.

Baba yana zaune a ƙarƙashin rumfar zana a bakin lambunsa, dattijo ne da zai haura saba'in, ga koma a rataye tana jiran ɗinki. Auta na durƙushe a gabansa, ya rungume wani ƙoƙo yana kankare cikinsa da guntun ƙarfe, ya duƙufa har bai ji zuwanmu ba. Na durƙusa na gaishe shi.

"Baba, ina wuni? Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau, 'yata. Ya gajiyar hanya? Ya mai jego?" Sai ya yi murmushi ya dubi Goggo. "Wannan ce mai taka gwangwanin?"

Uwargida, da ƙasa za ta tsage da na shige. Ashe yaron nan da bai taɓa tayar mini da maganar ba cikin shekara biyu, ya kwashe ta kaf ya faɗa wa mutumin da ya sani jiya-jiya.

Baba bai ƙara komai a kai ba. Ya sa aka shimfiɗa mana tabarma, ya ce tunda na zo in zauna in ga abin da ɗana yake yi. Ya ɗauko wani gurmi da ya gama, ya miƙo mini. Ban taɓa riƙe shi a hannuna ba sai ranar, kuma na yi mamakin rashin nauyinsa. Sai ya shiga nuna mini shi gaɓa-gaɓa, kamar yadda za ki nuna wa amarya kayan miya.

Ƙoƙon, in ji shi, daga duman da yake shukawa ne a gefen gonarsa ta jigawa, don duma ba ya son ƙafarsa a ruwa. Ba a tsinke shi ɗanye, sai ya bushe a jikin uwarsa. A raba shi biyu, a jiƙa, a kankare cikin har ɗacin ya fita, a shanya a inuwa. Ba kowane ƙoƙo ke yi ba. Yakan ƙwanƙwasa goma da ɗan yatsa kafin ya ware ɗaya, mai kauri daidai, wanda ba shi da tsaga ko ta gashi. Kin san yadda muke ƙwanƙwasa tukunyar ƙasa a kasuwa kafin mu biya? To haka.

Fata kuwa, ya ce a da ta damo ake sawa, ita ce mai murya. Amma damo ya yi wuyar gani a wajensu, kuma shi ya daina yarda yara su kashe masa shi saboda abin wasa, don haka ya koma fatar ɗan akuya. Ana jiƙa ta, a kankare gashin, a ɗora a bakin ƙoƙon tun tana da laushi, a ja ta ko'ina daidai, a kafe gefen da ƙaya ko ƙananan ƙusoshi. Iskar hunturu ita ke ƙarasa aikin, ta busar da ita ta ɗaure tamau. Shi ya sa ba ya haɗa gurmi da damina. Ko wanda aka riga aka haɗa, in iska ta yi danshi sai fatar ta saki, muryar ta dushe kamar mai mura, sai an kanga shi a rana ko kusa da wuta kafin ya dawo hayyacinsa.

Sai sandar da ke ratsa ƙoƙon, sai tsirkiya biyu. A zamanin ƙuruciyarsa gashin wutsiyar doki ake murɗawa. Yanzu zaren roba na masunta yake sawa, irin wanda ake ɗaura ƙugiya da shi, mai kauri ɗaya, siriri ɗaya. Akwai wani ɗan guntun itace da ke zaune a kan fatar yana ɗauke da tsirkiyoyin, ya ce sunansa jaki, tunda shi ke ɗaukar kaya. Sunan da ya ba mu dariya ni da Goggo shi ne na 'yar fatar da ake naɗe kan tsirkiya da ita a jikin sanda: kallabi. In ana son murya ta hau sai a ja kallabin sama, in ana son ta sauka a sassauto shi. Goggo ta ce ashe har gurmi ya san in mace ta gyara ɗaurin kallabi magana za ta canza.

Na zauna ina juya abin nan a hannuna, sai na ga ƙasar Miga ce gaba ɗaya a cikinsa. Ƙoƙon na jigawa, zaren na kogi, fatar ta garke, ƙayar ta daji. Ba abin da aka sayo daga birni.

Na tambaye shi a ina ya koya, ko gadon gidansu ne. Ya girgiza kai. Ya ce su masunta ne kaka da kakanni, a rumfar gadin shinkafa ya koya yana yaro. Wuni guda kana zaune kai kaɗai, tsuntsu ya zo ka kora, ya tafi ka zauna shiru, dole hannu ya nemi abin yi. Ya fara da na kara, ya koma na gwangwani, har wani makiyayi da ke shayar da shanu kusa da gonarsu ya nuna masa yadda ake ɗora fata. "Shekara sittin ke nan, 'yata, ban taɓa tsayawa a ƙofar wani na kaɗa ya ba ni kwabo ba. Ban taɓa zuwa gidan biki da shi ba. In na gaji da ɗinkin koma in ɗauka, in na huce in rataye." Ya ce a shekara yakan haɗa uku ko huɗu, ya ba wanda ya ga yana so. Ruwan 2022 ya tafi da guda shida da ke rataye a ɗakinsa, tare da buhunan shinkafa. Ya ce shinkafar ce ta hana shi barci, amma gurmin da ya fi tsufa a cikinsu har yanzu yakan tuna da shi.

Sai ya karɓa ya ɗan taɓa. Ba waƙa ya yi ba, sautin kawai. Tsirkiya ɗaya tana tafiya tana dawowa, ɗayar tana tsaye a wuri guda tana yi mata rakiya. Ƙasa-ƙasa yake fita, wanda ke bayan dangar lambun ma da ƙyar zai ji.

A nan ne na tuna da wani abu da babban ɗana, wanda ke jami'a, ya taɓa tura mini a waya, na adana ban goge ba. Wata tsohuwar Baturiya ce a Amurka take kaɗa wani abin katako dogo da ta kwantar a kan cinyarta. Na nuna wa Baba. Sunan abin dalsima, kuma mutanen duwatsun Afalashiya ne suka san shi, talakawan ƙauye manoma a jihohi irin su Kentaki da Bajiniya. Tun wajen shekara 200 da suka wuce suke sassaƙa shi a gida da katakon da ke bayan ɗakinsu, tsirkiya uku ko huɗu, su kaɗa da gashin fiffiken dinya. Matar sunanta Jean Ritchie, an haife ta a 1922 a wani ƙauyen Kentaki, ita ce auta a cikin 'ya'ya 14. Mahaifinta yana da dalsima amma ya hana yara taɓawa, sai ta riƙa ɗauka a ɓoye in ya fita. Da ta girma ta tafi birnin New York aikin kula da yaran talakawa, ta tafi da abinta, mutanen birni suka gani suka so, har ita da mijinta suka shiga ƙerawa suna sayarwa. Abin da ya kusa ɓacewa a ƙauye sai ga shi ya dawo, a 2001 jihar Kentaki ta ɗauke shi a matsayin abin kiɗanta na hukuma, kuma yau akwai dubban mutane, ciki har da tsofaffin ma'aikata da matan aure, da ke sassaƙa shi a gida don nishaɗi kawai. Ta rasu a watan Yunin 2015, wata ɗaya da namu Ɗan Maraya Jos, wanda shi ma da gwangwani da tsirkiya ɗaya ya zaga duniya. Kuntiginsa ai bai wuce abin da na taka a bayan tanki ba.

Baba ya karɓi wayar ya kanga a kunne, ya sa na maimaita masa sau uku. Bai damu da katakon ba, sautin yake bi. Can ya ce, "Ai wannan 'yar'uwar tawa ce. Ɗaya ce ke magana, sauran 'yan amshi ne." Kuma haka abin yake, don a kan tsirkiya ɗaya ake fitar da waƙar dalsima, sauran suna riƙe da murya guda. Na gaya masa a duwatsun nan akwai wani abin kiɗan da ake kira banjo, wanda shi asalinsa ma daga wajenmu ne: bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma su suka fara haɗa shi a can da ƙwarya da fata, kuma masu bincike suna lissafa gurmi cikin danginsa. Ya yi shiru, sannan ya ce Allah ya jiƙan waɗanda aka tafi da su, ashe sun tafi da hannunsu.

Ana cikin haka aka kira magariba. Kafin ladan ya kai ƙarshe Baba ya kife gurmin a kan tabarma, ya ɗauki buta, ya kora yaran gaba ɗaya zuwa masallaci, har da nawa.

Na san abin da ke ranki tun ɗazu, don shi ne a raina a kan hanyar komawa gida. Me addini ya ce? Wannan ba maganar da za a share ba ce, kuma ni ba malama ba ce balle in yanke miki hukunci. Mafi yawan malaman mazhabobi huɗu, har da tamu ta Malikiyya, sun tsananta a kan kayan kiɗa masu tsirkiya, suna kafa hujja da hadisin da ke cikin Sahihul Bukhari wanda ya ambaci kayan kiɗa cikin abubuwan da wasu mutane za su zo su halatta. Akwai kuma waɗanda suka saɓa musu, kamar Ibn Hazm na Andalus da ya rasu a 1064, wanda bai gamsu da hujjar haramcin ba. Inda aka fi samun sauƙi shi ne duffi a wajen aure da ranar Idi, saboda hadisin Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, lokacin da 'yan mata biyu suke waƙa a ɗakinta ranar Idi, Sayyidina Abubakar ya tsawata musu, Manzon Allah (SAW) ya ce a ƙyale su. Tsoron da iyayenmu suke ji ma ba na banza ba ne. Mun ga inda goge da garaya suka kai wasu, dandalin bori da gidajen da ba a faɗa, mun kuma san yadda roƙo yake zubar da mutuncin namiji.

Amma da na zauna na yi wa kaina hisabi, sai na ga ranar da na taka gwangwanin nan ba hadisi ne a kaina ba. Abin da maƙwabta za su ce ne. Da don Allah na yi, da na zaunar da shi na yi masa bayani, kuma da ban bar shi da wayar da ke ɗauke da kiɗan da ya fi na Baba muni sau dubu ba, wadda nake miƙa masa da hannuna don ya bar ni in yi aiki. Yaro ɗan shekara tara ya gano da kansa yadda fata ke ɗaurewa in ta bushe, ya gano waya in ta yi tsauri muryarta hawa take, ya je ya roƙi mai gyaran keke, ya yi kwanaki yana gwadawa. Ni ban ga ko ɗaya daga cikin wannan ba, maroƙi kawai na hango.

Daren sunan kuma sai aka kama ni dumu-dumu. Bayan baƙi sun watse, 'yan mata suka kunna waƙoƙi a wata 'yar na'ura mai caji, ba a jima ba cajin ya ƙare, ga babu wuta. Sai Goggo ta shiga ɗaki ta fito da shantu biyu da ta ciro daga saman rufi, sun yi baƙi don tsufa, zanen wutar da ke jikinsu ya kusa shafewa. Ta miƙo mini ɗaya ba tare da ta tambaye ni ko na iya ba. Wallahi uwargida, shekara ta fi ashirin da biyar rabona da shi, amma da na buga gindinsa a cinya na rufe bakin da tafi, hannuna ya tuna abin da kaina ya manta. Wata tsohuwa ta kife ƙwarya a cikin bahon ruwa, aka haɗa. Mu kaɗai ne, mata zalla, ƙofa a rufe. Ni da na ce a zuriyarmu babu mai kiɗa, ga ni da shantu a cinya, kuma a wajen kakata na koya.

Abin da ya ba ni tausayi, cikin 'yan matan nan babu wadda ta san yadda ake riƙe shi. Sun san sunan Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, sun san amada a faifai, amma ba su taɓa ganin yadda ake fafe dogon duma a huda shi ta kai da gindi ba. Goggo ta ce irin dogon duman ma ya kusa ɓata a unguwarsu, don wanda take adanawa a rumbu ruwa ya tafi da shi, sai bara ta samo 'yan ƙwayoyi wajen wata 'yar'uwarta a ƙasar Jahun. Ta ƙulla mini bakwai a bakin zane. Suna nan na shuka a bayan tankin nan dai, za mu ga abin da Allah zai yi.

In kina da niyyar zuwa wannan yanki, ki bari sai bayan girbi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin hanya ta bushe, sabuwar shinkafa ta shigo, kifi ya wadata. Ki tafi da rigar sanyi mai kauri domin sanyin bakin kogi ba irin na birni ba ne, da gidan sauro ko da hunturu ne. In da hali ki ƙarasa Haɗeja ki ga kasuwar kifi, ki sayo banda da riɗi. Kuma ki tafi da yaran, ki bar su su yi datti.

Ranar da za mu taho Auta ya zo da gurminsa a cikin buhu, fatar ba ta gama bushewa ba, Baba ya ce kada a taɓa sai bayan kwana uku. A mota ya rungume shi har Kano. Da muka iso na kwashe labarin duka na faɗa wa maigida, har da na gwangwanin, wanda bai taɓa sani ba. Shi yana tare da malaman da suka tsananta, kuma ban yi musu da shi ba. Ya yi kwana biyu yana tunani. Abin da ya yanke shi ne, gurmin ba zai fita ƙofar gida ba, ba za a taɓa shi lokacin salla ko karatu ba, kuma ranar da ya ji an kaɗa wa wani don a ba da kuɗi, ranar zai bar gidan. Sannan ya ɗauki yaron ya kai shi wajen wani kafinta abokinsa, duk Asabar bayan Islamiyya. Wata uku ke nan, ya yi mini kujerar tsakar gida, ƙafa ɗaya ta fi sauran gajarta, a kanta nake zaune nake rubuta miki wannan.

Gidanki ba lallai ya yanke irin hukuncin namu ba. Wataƙila maigidanki ya ce sam, kuma yana da malamai a bayansa. In haka ne, ki karɓa da hannu biyu, ki tambayi yaron yadda ya haɗa, ki saurara har ya gama, sannan ki faɗa masa dalili, ki nema wa hannun nan wani abin da zai ƙera.

Ni dai har yau ban iya buɗe baki na ba Auta haƙuri ba, kin san mu da nauyin baki a gaban 'ya'ya. Ranar Juma'ar da ta wuce na buɗe gwangwanin kifi zan yi miyar taliya. Na wanke shi da omo, na lanƙwashe bakin don kada ya yanke shi, na ajiye a kan tagar ɗakinsu. Bai ce mini komai ba. Da la'asar na jiyo shi a ƙofar gida yana tambayar yayansa ko mai gyaran keken bakin titi yana fitowa ranar Juma'a.